Fitilar Baba a Silin Sista

Komai tsufan da zan yi, ba zan manta da yammacin da na durƙusa gaban babur ɗin mahaifina da allin ɗinki a hannu ba. Ni tela ce, ban taɓa hawa babur ni kaɗai ba, amma duk lokacin da na tuna ranar sai na ji kaina ya ɗan kumbura, kuma ba na jin kunyar faɗa.

Tun da aka rufe masaƙar da Baba yake aiki, ya ƙi zaman gida. Ya sayi babur, kullum da la'asar ya tafi Kudenda ya ɗauro ruwan leda, ya bi shagunan Unguwar Sanusi yana saukewa, sauran ya shigo da shi layinmu bayan magariba. Ba rashin abinci ya fitar da shi ba, yayanmu yana iya ƙoƙarinsa. Baba dai mutum ne da in ka zaunar da shi ka gama da shi.

Wata rana ya faɗa rami fitilar ta fashe, bakanike ya sa sabuwa. Ba a daɗe ba ya sake faɗawa kwalbatin bakin layi, ya gurje gwiwa, ruwa ya watse a titi. Da Yaya ya tambaye shi yadda aka yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Hanyar ce ba na gani." Maganar nan ita ta ja masa. Yaya ya zare makulli ya sa a aljihu, ya ce, "Baba, ka yi haƙuri, ido ya tafi. Ba zan jira a kira ni daga asibiti ba." Ban ga laifinsa ba, tsoro ne da ƙauna. Abin da ya fi ci mini rai shi ne Baba bai yi musu ba, shi kansa ya yarda ya makance.

Daga nan ya koma zaman zaure. Mutumin da ke tsokanar kowa ya zama sai an yi magana biyu ya amsa ɗaya. In na kawo masa abinci sai in tarar yana goge babur ɗin da tsumma, ya ce, "Uwata, ajiye can." Haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa na ci. Yaya kuwa har ya fara neman mai saye.

Akwai maƙwabciyarmu a benen da ke fuskantar layin, ma'aikaciyar jinya ce 'yar Kudancin Kaduna, kowa Sista yake ce mata. Ta kawo mini ɗinki, ina auna ta sai ta ce, "Wai Baba ya yi tafiya ne? Kwana biyu ban ga fitilarsa a silin ɗina ba." Na ce wace fitila? Ta yi dariya ta ce, "Ta mashin mana! Tun da ya canza ta, in ya shigo layi sai ɗakina ya haske fes. Yarana har cewa suke Baba ya kawo wuta."

Na tsaya da tef a hannu. Sista a sama take. Me fitilar babur take nema a silin ɗin bene, alhali mai ita yana laluben ƙasa? Sai na tuna yadda bayan babur ɗin yake nutsawa in an lafta masa ruwa, gaban ya ɗaga. Bakanike kuwa ya saita fitilar ne babu kowa a kai, babu kaya. A sana'ata wannan kamar ka auna riga tana rataye a ƙusa ne.

Da Yaya ya zo da yamma na roƙe shi makullin. Ya harare ni ya ce, "Ke kuma yaushe kika zama bakanike?" Na ce, "Yaya, in ban yi daidai ba ka sayar gobe, ba zan ce uffan ba." Bayan an idar da sallar magariba muka turo babur ɗin waje, muka tsayar da shi nesa kaɗan da katangar benen. Na auna tsayin fitilar daga ƙasa da tef ɗina, na je na ja layi da alli a katanga daidai wannan tsayin. Baba ya hau ya tayar. Hasken ya sauka kusa da layin, ba laifi. Yaya ya ce, "To kin gani, lafiyarta ƙalau."

Na ce, "Saura kaya. Yaya, zo ka zama ruwan leda." Yayanmu, Allah ya ba shi jiki, masha Allah. Yana ƙunƙuni ya ɗare baya. Wallahi yana zama hasken ya bar katangar, ya haura sama ya shige taga. Sai ga muryar Sista daga bene: "Oyoyo Baba! An kawo wuta!" Gaban tayar kuwa duhu ne ƙirin, ko kwalbatin ba a gani.

Baba ya dubi taga, ya dubi ƙasa, ya ce a hankali, "Ashe ba ni ba ne."

Muka aro ruwan leda a shagon layi, aka ɗaura yadda ya saba ɗaurawa. Baba ya nuna mini notin da ke ƙarƙashin fitilar, ya miƙo sifana daga jakar babur. Na durƙusa na sassauta, ina danna kan fitilar ƙasa sannu a hankali, Yaya yana tsaye a katanga yana cewa, "Ƙara kaɗan. Kin wuce, ɗago. Yauwa, nan!" Sai da hasken ya zauna ɗan ƙasa da layin allina na ɗaure notin tam. Hannuna duk baƙin mai, zanina ya sha ƙasa, ban damu ba.

Baba ya tafi har ƙarshen layi ya juyo, ya kauce wa kwalbatin nan kamar da rana. Da ya tsaya ya kashe, Yaya ya miƙa hannu wajen makullin. Sai ya janye hannun ya sosa ƙeya, ya ce, "Amma dai gobe za mu je a duba idon." Baba ya zare makullinsa ya jefa a aljihu ya ce, "Mu je mana, a duba naka ma." Aka je, gilashin karatu kawai aka ba Baba.

A daren da muka gyara fitilar, kafin Baba ya shiga gida, ya dafa kaina gaban mutanen layi ya ce, "Uwata, yau kin mayar mini da idona. Allah ya yi miki albarka." Na yi ɗinkin amare da na manyan hajiyoyi, an yabe ni, amma ban taɓa jin daɗin yabo kamar wannan ba.

Baba ya ci gaba da kai ruwansa har lokacin da shi da kansa ya ce ya gaji, ya miƙa makullin da hannunsa. Layin allin nan damina ta wanke shi tuni. Abin da ya bar mini shi ne, in babba ya yi tuntuɓe, kada a yi saurin cewa ya ƙare. A fara duba abin da ke haska masa hanya.