Tuyaara, Mai Share wa Sanyi Hanya

Duk safiyar hunturu, kafin ta shiga aji, Tuyaara Semyonovna sai ta zagaya makarantarmu da shebur tana kwashe dusar ƙanƙarar da ta taru a gindin ginin. Mu mutanen bakin kogin Lena, can arewacin duniya mai tsananin sanyi, tara ta muke yi jikin bango don ɗumi, haka muka gada. Shi ya sa muka daɗe muna cewa karatu ya taɓa kan malamar.

Ita kuwa ko a jikinta. Takan tara mu, yara da iyaye, ta ce ƙasar da ke ƙarƙashinmu a daskare take tun kafin kakanni, cike da ciyawa da ƙasusuwan da ba su ruɓe ba. In ta narke za su ruɓe, iskarsu ta tashi ta ƙara wa duniya zafi, har garuruwan da ba su taɓa ganin ƙanƙara ba. Dusar kuma bargo ce, tana hana sanyi shiga ƙasa.

Ban ɗauke ta da muhimmanci ba sai da ƙasar ƙarƙashin gidan mahaifiyata ta soma narkewa, gidan ya soma karkata, ƙofa ta daina rufuwa. Tsohuwa ta rantse ba za ta bar ɗakin da ta haife mu ba, ko zai faɗo mata. Na tsorata ƙwarai.

Tuyaara ta zo da sheburinta.

"Ke 'yar nan, so kike sanyi ya kashe ni?" in ji tsohuwa.

"Inna, ke ki ƙara bargo. Ƙasar ce ba ta so."

"Ji min! Yau kuma ƙasa ce mai zaɓen kayan kwanciya?"

Tana mita, muna kwashewa. Hunturu bayan hunturu muka bar sanyi yana ratsa gindin gidan. Bai miƙe ba, amma bai ƙara karkata ba.

Tuyaara, ke ce kika sha dariyarmu ba ki yi fushi ba. Ba ki taɓa ce mana shebur zai gyara duniya ba, kin dai nuna mana inda hannunmu zai kai. Bana kin ajiye alli, ɗalibanki har sun fara auna zafin ƙasa a wasu ƙauyuka. Mun gode.

Duk wanda ya san wani abu, ya fito ya koyar kamar ita, ko da za a yi masa dariya. Jiya na leƙa gida, na tarar da mahaifiyata a taga tana yi wa sabon maƙwabci tsawa: "Kai, ɗauke bargon nan daga kan ƙasa, kada ka rusa min ɗaki!"