Anti Mai Lema, Wadda Ta Yi Roƙo Don Kada Mu Yi

Kafin maigadin makarantar kuɗin da ke bayan layinmu ya gama share bakin ƙofa, ta iso. Jakarta a kafaɗa, lema a hannu, ko da hadari ko babu. Takan leƙa ofishinta, wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matattakalar bene wanda dogon mutum sai ya sunkuya zai shiga, ta ajiye kwanon abincinta, ta sake fitowa. Ba ta zama. Aikinta na ƙafa ne: yau tana ofisoshin masu hali tana neman wanda zai ɗauki nauyin karatun ɗan talaka, gobe tana lungunanmu tana neman yaron da kansa ke ja amma aljihun ubansa ba ya ja. A takarda sunan aikinta jami'ar tallafin karatu. Mu dai Anti Mai Lema muke ce mata, kuma a ƙarshen zangon nan ta ajiye aiki saboda gwiwoyinta sun gaji.

Ni ba marubuci ba ne, kafinta ne. Hannuna ya fi sabawa da zarto. Amma na je walimar sallamarta na ga abin da ya hana ni sakat: ɗakin malamai, 'yan kwalaben lemo, jawabi gajere, iyayen da suka zo ba su cika benci ɗaya ba. Katon allon da ke ƙofar zauren makarantar, mai ɗauke da sunayen masu ba da tallafi, ni na yanka katakonsa, ni na goge shi, ni na kafa. Babu sunanta a kai. Na dawo gida kunya ta ishe ni, shi ne na ari biron Auta.

Auta 'yata ce, ita ce silar sanina da Anti. Ta ci jarrabawar shiga makarantar, aka ba ta gurbin kyauta, uwarta ta yi ta guɗa har maƙwabta suka fito suna tambayar ko haihuwa aka yi. Ni ma na yi murna, sai da na ji labarin ranar godiya.

Ga yadda abin yake a lokacin. Duk shekara akan tara masu ba da tallafi a zaure, a zaunar da su a gaba. Sai a kira yaran tallafi ɗaya bayan ɗaya su hau dandamali, kowa da ubansa ko uwarsa a gefe. Uban ya karɓi makirfo ya faɗi sana'arsa da irin halin da yake ciki, ya yi godiya, a tafa, a ɗauki hoto. Duk wannan a gaban sauran ɗalibai, waɗanda gobe da su yaron zai zauna a aji.

Na ce da uwar Auta, "Wallahi ba da ni ba. In tsaya gaban jama'a in ce ni matsiyaci ne, a tafa mini? Gara ta koma inda ta fito."

Ta ce, "Girman kai rawanin tsiya, Baban Auta. Kai za ka ci girman, yarinya ta sha wahalar?"

Na ce ta faɗi duk abin da za ta faɗa, ƙarshen zango zan cire ta. Auta tana bayan labule tana ji, daga ranar ta daina cin abincin kirki.

Ana haka sai ga Anti a rumfata. Ta rufe lemarta, ta kaɗe dusar katako daga kan wani guntun benci, ta zauna kamar gidan ubanta. Na ɗaure fuska, ina jiran wa'azi.

Ta ce, "Baban Auta, taimako na zo nema. Kujerun ajin ƙasa duk sun zama guragu, kamfanin da ke kawo mana su ya ce sai dai a sayi sababbi. An ce hannunka ba ya ƙarya."

Na ce, "Anti, ba sai kin zagaya ba. Maganar tsayuwar nan ce ta kawo ki."

Ta ce, "Ita ma. Ba za ka tsaya ba. Na yi maka alkawari. Kai dai ka zo ka duba mana kujeru."

Haka take aiki, daga baya na gane. Ba ta yarda uba ya shiga makarantar nan da hannu a buɗe kawai. Matar da ke ɗinki a bakin titi, mai 'ya'ya biyu a tallafi, ta shaida mini Anti ce ta kawo mata ɗinkin labulen ɗakin karatu, daga nan ta sa take koya wa 'yan mata ɗinki duk yammacin Laraba, har 'ya'yan manya suna ce mata Malama. Mai walda na ƙarshen layi shi ya gyara lilon yara. Ni kuma bayan kujeru sai ta turo mini 'yan aji uku su ga yadda ake haɗa tebur, yaran da ba su taɓa riƙe guduma ba, ɗaya har ya buge yatsa ya yi ta ihu kamar an yanke hannun. Ita ce kuma ta matsa wa hukumar makaranta har aka riƙa buɗe filin ƙwallo da ɗakin karatu ga yaran unguwa ranar Asabar. Maigadi ya ce da farko cewa aka yi za a sace littattafai, Anti ta ce in an sata a cire a albashinta. Abin da ya ɓata a shekarar, in ji shi, murfin bokitin shara ne.

Ranar godiya ta zo. Ni aka zaunar a layi na biyu, tare da mai ɗinki da mai walda, aka gabatar da mu a matsayin abokan hulɗar makaranta. Na sa babbar rigata ina ta hura hanci. Babu yaron da aka kira. Anti ce ta hau dandamali ita kaɗai, ta rusuna, ta gode wa masu bayarwa ɗaya bayan ɗaya a madadin yaran da iyayensu.

Wani mai kamfanin fenti, wanda ya fi kowa yawan yaran da yake ɗauka, ya ɗaga murya daga inda yake zaune: "Malama, ina yaran? Mu fa yaran muka zo gani."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, suna cikin zauren nan, zaune tare da naku."

Aka yi 'yar dariya, shi bai yi ba. Na koma gida ina ba uwar Auta labari ina ƙyaƙyatawa. Ban san mutumin ya janye tallafinsa a satin ba. Ban san Auta tana cikin yaransa ba. Ban san shugabar makaranta ta ce da Anti tunda ita ta ɓata, ita za ta gyara kafin sabuwar shekarar karatu, in ba haka ba yaran su nemi wani wuri.

Ke ce kika san duk wannan, Anti, kika haɗiye. Ke ce kike wucewa ta gaban rumfata kina ce mini "sannu da aiki, Baban Auta," ina amsa miki da baki cike da ƙusa, alhali daga roƙon kujerar 'yata kike. Garkuwar marasa baki, ko sau ɗaya fuskarki ba ta nuna ba.

Yadda na sani, Allah ne ya so ya kunyata ni. Bayan wasu watanni aka kira ni gyaran ƙofa a wani ofis, makulli ya lalace. Ashe ofishin mai fentin ne. Ina durƙushe a bayan ƙofar ina kwance sukurori, sai na ji sakatariya tana ce wa ɗan aike, "Mai roƙon nan ta makaranta ta dawo. Ka ce mata yana mitin."

Ɗan aiken ya ce, "Haba, tun safe fa take zaune. Jiya ma haka."

Ta ce, "To ni na aike ta? An ce ta kawo yaran a yi hoto ta ƙi, ita ga mai mutunci."

Na leƙa. Anti ce a kan bencin baranda, lema a kan cinya, ta cire takalmi ɗaya tana murza gwiwa. Matar da ta girme ni, mai ilimin da ko rabinsa ban da shi. Jama'a, na so ƙasa ta tsage in shige. Tsayuwar da na ce na fi ƙarfinta, ashe ba soke ta aka yi ba, wata ce take yi mini ita kullum a barandar mutane.

Na ajiye sukundireba na fita. Da ta gan ni sai ta yi sauri ta mayar da takalmin.

Na ce, "Anti, janye tallafin ya yi? Auta na cikin yaransa?"

Ta ce, "Je ka ƙarasa aikinka, Baban Auta."

Ban ƙarasa ba. Ƙofar da zan gyara ita ce ta shiga wurinsa, kuma a kwance take, babu abin da sakatariya za ta kulle. Na shiga da dusar katako a rigata, Anti na biye da ni tana cewa in tsaya. Na cire hula. Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne uban ɗaya daga cikin yaran da kake biya wa. Kafinta ne ni, ba ni da halin makarantar nan ko na shekara guda. Ka ce kana son ganinmu, ga ni. Na gode, Allah ya saka. Ina roƙonka kada ka bari a kore su."

Ya dube ni, ya dubi Anti. Ya ce, "To ai abin da na ce ke nan tun farko, in ga mutum." Ya ɗaga waya ya ce a ci gaba da biya wa yaran duka. Sannan ya ce in tabbata na gama ƙofar kafin in tafi.

Shi ke nan fa. Abin da ta yi watanni tana jeka-ka-dawo a kansa, bai ɗauke ni lokacin kafa ƙusa biyu ba. Ba na zagin mutumin, da dukiyarsa 'yata ta yi karatu, kuma har gobe ina gode masa. Amma da muka fito baranda, maimakon ta ce madalla, sai Anti ta dube ni idonta ya kawo ruwa.

Ta ce, "Ka yafe ni. Na yi maka alkawari ba za ka tsaya ba."

Ita ce take ba ni haƙuri! Na rasa inda zan sa fuskata, na koma bayan ƙofa na yi ta ɗaure sukurin da ya riga ya ɗauru.

Tun daga shekarar ba a sake hawar da yaro dandamali ba. Wasu masu bayarwa sun yi fushi sun tafi, Anti ta maye gurbinsu da ƙungiyar 'yan kasuwa, da direbobin tasha, da tsofaffin ɗalibai, kowa da ɗan abin da ya iya. Wulaƙancin da ta sha a hanya, ita da Allah suka sani. A wurin masu hali ita mai roƙo ce, a lungunmu kuma akwai masu ce mata 'yar koren masu kuɗi. Ɗanta na cikinta makarantar gwamnati ya yi, don ta ce ba za ta saka sunansa a abin da ita ke rabawa ba.

Anti, mun gode. Allah ya huta gajiyarki, ya ba gwiwoyin nan lafiya, ya rufa miki asiri yadda kika rufa mana. Ku kuma masu bayarwa, ku bayar, Allah ya ƙara muku, amma yaro ba sai ya sunkuyar da kai a gaban 'yan ajinsa ba kafin ladanku ya cika. Mu iyayen da aka taimaka, mu ji kunya mu daina laɓewa. Wadda ta gaji kujerar Anti yarinya ce sabuwar shiga, kada mu bar ta ta yi zaman baranda ita kaɗai. Wanda ke da sana'a ya kai sana'arsa, wanda ke da ƙafa ya raka ta.

Saura abu ɗaya. Duk shekarun nan, tun zuwan Anti rumfata, na bar Auta a kan cewa mun bar tallafin, gyaran kujeruna ne ke biyan karatunta. Yanzu tana jami'a. Da na ga rubutun nan zai fita, na ce gara ta ji daga bakina. Na zaunar da ita, na yi ta kame-kame, daga ƙarshe na faɗa mata komai, har barandar.

Ta ce, "Baba, kujeru nawa za ka gyara su biya makarantar nan? Ai tun ina aji ɗaya na sani."

Na ce, "Kin sani? Shi ne ba ki taɓa faɗa ba?"

Ta ce, "Anti ce ta ce in bar ka da kujerunka. Ta ce uba ma yana bukatar tallafi."

Uwarta tana bakin ƙofa tana dariya har da riƙe ciki. Ni ban yi dariya ba. Anti, ashe mu biyu kika ɗauka a gidan nan, kuma ni ne wanda bai taɓa zuwa ya ce miki ya gode ba. Ga shi na zo, a makare, hula a hannu.