Ni Na Ce Masa Ya Miƙe

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni dillalin albasa ne a Aliero, ɗan gidan masu ɗori, inda na tashi ina ganin ana gyara karaya namiji bai ce uffan ba. Da wannan girman kan na shiga asibiti aka sauya mini gwiwa. A gadon da ke kusa da nawa akwai aminina, wani mahauci daga Maiyama da muka daɗe muna haɗuwa a kasuwar Jega. Rana ɗaya aka yi mana aiki.

Likita ya ce akwai allurar da ake yi a jijiyar cinya ta kashe zafin gwiwa na ɗan lokaci. Na ƙi, wai kada a kashe mini ƙafa. Aminin nawa kuwa ya karɓa. Washegari ina haɗa gumi ina cizon filo, shi kuwa yana shan fura yana ba 'yan dubiya dariya. Har na ji ƙanena yana cewa ashe mahaucin nan ya fi ni jarumta. Wallahi hassada ta turnuƙe ni, dariyar mahaucin ta fi ɗinkin yi mini ciwo.

Da safe nas ta gargaɗe mu cewa ƙafar da aka yi wa allurar ba ta da ƙarfi sai maganin ya sake ta, kada a taka ba mai riƙewa. Shi yana gyangyaɗi, ni kuwa na ji sarai. Da surukinsa ya shigo gaisuwa, sai na ce cikin wasa ai wanda ba ya jin ciwo ba ya tarbar suruki a kwance. So nake kawai in ga ya yamutsa fuska sau ɗaya. Ya yi dariya, ya sauko. Gwiwar ta lanƙwashe, ɗinkin ya ɓalle, aka mayar da shi tiyata.

Yau ina zagaya kasuwa da ƙafata, shi yana dogara sanda, ya bar wa 'ya'yansa teburin nama. Kowa ya tambaye shi sai ya ce gangancinsa ne.

Na gane rashin jin zafi ba warkewa ba ne, jure ciwon da ke da magani kuma ba jarumta ba ce. Jama'a, ku bi maganar likita, ku kuma ji tsoron wasan da hassada ta sa a bakinku. Har yanzu duk ranar kasuwa sai ya aiko mini da hanta, ni kuwa ba na iya haɗiye ta.