Da Ɗuminsa Suka Ce

Bana shekara bakwai da rasuwar yayana Lawai, kuma har yau in aka ambace shi a Mabai sai wani ya rage murya ya kawo sunan matarsa Binta. Wannan rage muryar ce ta sa na ɗauki alƙalami, don na gaji da haɗiye ta.

Babur ne ya kayar da shi kusa da Sheme, ya ɗauko taki, kansa ya bugu da kwalta. A asibitin birni aka sa masa injin da ke hura masa numfashi. Da likita ya ga abin ya ƙi, sai ya ce a kira mahaifinsa ya tsaya a yi gwaji a gabansa. To Lawai ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba. Yana zaune a baranda da carbi ya ce, "Ni ba ni shiga wurin yaron ga. Ku tai ku gani." Kawunnanmu suka bi bayansa, kowa ya gyara zama. Ni da Binta muka shiga.

Abin da na gani zan faɗa. Likita ya fara tabbatarwa babu maganin barci a jikinsa. Ya haska masa tocila, ƙwayar ido ba ta motsa ba. Ya shafa auduga a idon, bai ƙifta ba. Ya ɗura ruwan sanyi a kunne, ya zura bututu har maƙogwaro, ko tari. Sannan aka tsayar da injin, muka zuba wa ƙirjinsa ido, shiru. Wani likitan ya zo daga baya ya maimaita. Suka ce ƙwaƙwalwa ta mutu, injin ne kawai ke ɗaga ƙirjin, Lawai ya riga ya tafi. Binta ta yi salati ta sunkuyar da kai. Iyakar abin da ta yi ke nan.

Amma kafin gawa ta iso gida labari ya riga ta: wai da ɗuminsa, zuciya na bugawa, matarsa ta ce a kashe inji. Waɗanda suka ƙi leƙa ɗakin su suka fi kowa sanin abin da aka yi a ciki. Ta yi takaba mata na shigowa gaisuwa suna kallon hannunta. Na yi bayani har na gaji, aka ce ai ni yaro ne, likitoci sun juya mini kai.

Da Lawai zai dawo yau, mutumin da ko kaza ba ya so a zalunta, me zai ce? A watan jiya masu neman 'yarsa Hauwa suka janye. Gwaggon saurayin ta ce ba su ɗaukar ɗiyar wadda ta kashe ma mijinta inji.

Ina jin haushin mutanen gari, amma haushin Baba ya fi, Allah ya yafe mini. Kalma ɗaya daga bakinsa a ƙofar masallaci ranar Juma'a ta isa ta kashe maganar nan. Na same shi na roƙe shi, ya ce shi ba ya maganar yaron.

Lawai ya bar gona, ya bar 'ya mai kama da shi, ya bar mace da ta tsaya a kansa lokacin da maza suka zauna a baranda. Baba, kunyar ɗan fari ta kai shi kabari ba ka ga fuskarsa ba. Allah ya ji ƙansa. Binta da Hauwa kuwa suna da rai, kuma gobe Juma'a.