Tsinken Yaya Dauda da Giyar Akori-kurata

Ku da kuka san Yaya Dauda bakanike, don Allah wa ya taɓa ganinsa ba tsinken tsintsiya a bayan kunne? Ni dai ban taɓa ba, kuma tun ina yawo ba wando na san shi, don ɗan kawuna ne, taubashina. Ko masallaci zai shiga, sai dai ya zare ya soke a hula. Baƙi na zaton na sakace ne. Ina! Ma'auni ne. A garejinsa na bakin kanal ɗin ban ruwa akwai wani gwangwanin madara cike da tsinkaye, kowanne an yanke shi daidai tsawon wutsiyar giyabos, wato akwatin giya, na wata mota. Ba rubutu, ba lamba. Sai ya ɗaga ɗaya ya ce, "Wannan na ƙirar shekarar da jakin Tanko ya faɗa kanal ne." Kai kuma sai ka je ka nemo wace shekara ce.

Aikinsa ɗaya ne tak: tsofaffin akori-kura masu sauya giya da kansu, otomatik ɗin nan da muke kwasar kaya da su daga gona. Ya ciro giyar wannan ya sa wa waccan. Daga Kura har Bunkure ba wanda ya san wace ke shiga wace kamarsa. In ka ce ai duk ɗaya ne, sai ya dube ka sheƙeƙe ya ce, "Kama da wane ba ta wane."

Wata rana wani dillalin albasa daga Garun Mallam ya ci balangu a bencinsa, ya miƙa hannu cikin gwangwani ya zari tsinke, ya karya biyu ya hau sakace. Yaya Dauda ya fito daga ƙarƙashin mota da salati.

"Bawan Allah, me na yi maka?"

"Tsinke ne fa kawai, Malam."

"Tsinke? Ƙirar shekara uku ka sa a baki! Tofo mini su!"

Wallahi sai da mutumin ya miƙo guntayen, Yaya Dauda ya ɗaure su da zare ya mayar.

To, bari in zo kan nawa, don shi ke hana ni zama. Ni Sabo, kun san ni, ba na iya jira. Yaya Dauda ne ya laƙaba mini Sarkin Gaggawa, ya bi ni har yau. Bana tumatur ɗina ya yi kyau irin wanda ban taɓa gani ba, duk abin da na mallaka yana cikin gonar nan. Ranar da aka fara tsinka, akori-kurata ta ƙi. Inji na kuka, mota na tsaye. Tumatur kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa, kwana uku ya kai ka ƙasa. Motocin haya duk an riga an kama su. Muka tura ta gareji.

Yaya Dauda ya tsoma yatsa a man giya ya sansana. "Ta ƙone."

"To a sa wata yau."

"Yau? Sai na nemo 'yar'uwarta."

"Yaushe?"

"In Allah ya nufa."

Kai! Ban tsaya jin sauran ba. Na hau babur sai Kano, kasuwar kayan mota. Wani yaro mai daɗin baki ya nuna mini giyabos fes, ya rantse har da dafa ƙirji cewa ta fi tawa sabunta da shekara huɗu, kuma za ta zauna daram. Na ɗoro ta a Keke, na dire a gaban Yaya Dauda ina hura hanci.

Ya zaga ta sau biyu. Ya auna da tsinke. Ya rufe ido ya ƙirga haƙoran sandar ƙarfen da ke wutsiyarta da babban yatsa, kamar Bafillace na duba bakin sa a kara. Sannan ya tsaya a kan wani soket mai ramuka da yawa a gefenta.

"Tsawo daidai. Haƙora daidai. Ramin noti daidai."

"Alhamdu lillahi! Sa ta!"

"Ba za ta yi ba."

"Don me?"

"Taka ta dā, waya ce daga totur take gaya mata ta sauya. Wannan 'yar boko ce, sai da ƙwaƙwalwa take aiki. Motarka kuwa irinka ce, ba ta da ita."

Duk garejin aka kwashe da dariya. Ni kuwa zuciya ta ɗebe ni, na ce baƙin ciki yake yi, don ba shi ya samo ba. Ya ɗaura ta tsaf, ya goge hannu, ya ce, "Wanda bai ji bari ba ya ji hoho. Allah ya kiyaye hanya."

Washegari da safe na loda kwando ashirin na kama hanyar kanal zan fita kasuwar tumatur ta Kwanar Gafan. Mota ta tashi lafiya, ta kama giya ɗaya ta riƙe, shi ke nan. Na taka totur, sai ihu kamar injin niƙa, tafiya kuwa ta hawainiya. Garken wani Ardo ya taso daga baya, shanu suka wuce ni ɗaya bayan ɗaya, har da wata gurguwar karsana. Ardo ya leƙo ta taga ya ce, "Sannu Sabo, ko a ɗaura maka igiya?" Kafin in kai, manyan motocin kudu sun cika sun tashi. Rana ta dafa kayan. Masu shanya kauɗa na zubar wa.

Na koma gareji. Na tarar ya riga ya sa hula, tsinke a kunne.

"Tashi babur. Bunkure za mu."

Ashe tun ranar farko ya tuna da ita: wata matacciyar akori-kura a gidan Gwaggo Tabawa, ta marigayi mijinta, shekara da shekaru a kan duwatsu. Injinta ne ya mutu, giyarta lafiya lau, kuma sa'ar tawa ce. Tafiyar da ba ta kai komai ba, sau huɗu yana dukan kafaɗata. "Tsaya! Tsaya!" Me ya faru? Noti ya hango a ƙasa. Ya sauka, ya hure, ya jefa aljihu. Na ce, "Yaya, dukiyata na ruɓewa kana tsintar ƙarfe?" Ya ce, "Wanda ya yar da shi ma sauri yake yi."

Gwaggo Tabawa ba ta ja ba. Ta ce, "Ku ɗauka, 'ya'yan nan, ku kawo mini na miya. Sai dai kazata." Muka leƙa. Ga kaza a kujerar direba, ta baje a kan ƙwai goma sha biyu, tana hararar mu.

Na ce, "A ɗauke ta mana."

Gwaggo ta ce in aka taɓa ta ba za ta koma ba.

Na ce zan saya mata kaza biyu.

Yaya Dauda ya ce, "Ita ta riga mu zuwa. Ba guduma, ba jijjiga, ba ɗaga murya. Musamman kai."

Jama'a, kun taɓa ganin an cire giyabos da raɗa? Ya naɗe sifana da tsumma. Kowane noti sai ya ɗiga masa mai ya jira ya jiƙa. Ya sa na jero buhunan ƙaiƙayin shinkafa a ƙasa don ta sauka a kan taushi. Ni ina tsugune, in tashi, in zaga gidan, in dawo, waya na ta ruri a aljihu, masu tsinka na tambaya su ci gaba ko su bari. In na buɗe baki sai ya ɗaga yatsa daga ƙarƙashin mota ya nuna sama, wai kaza. Aikin rabin yini ya ci mana yini biyu. Nakan ga ya ajiye sifana ya yi shiru a kwance, yana numfashi sama-sama, na ɗauka duk cikin iyayin ne. Har na ce masa, "Barci kake yi ne, tsoho?" Ya ce, "Ina sauraron noti."

Giya ta sauko, kaza ko motsi. Da muka zo ɗaurawa a tawa, noti ɗaya ya ɓace. Ya laluba aljihu ya zaro na kan hanya, ya ɗaga mini shi a hanci, bai ce komai ba. Da ma ya yi magana ya fi mini sauƙi.

Ya ƙulle na ƙarshe ana kiran azahar. Kafin ya wanke hannu na yi tsalle na shige, na murza makulli. Sai na gan shi a madubi ya taso yana ɗaga hannu, yana cewa, "Sabo, tsaya mana!" Na leƙo na ce, "Sai na dawo, tsohon banza!" Na danna ham na bar shi cikin hayaƙi.

Mota kuwa ta yi. Tana sauya giya ba ka ji, kamar ana zuba mai. Sawu biyu, sawu uku kullum, na kwashe gonar nan kaf, ban ƙara asarar kwando ɗaya ba. Kullum ta gaban garejin nake wucewa da kaya, kullum yana benci, ya ɗaga hannu, ni kuma in danna ham in ce a raina gobe. Ai taubashi ne, ina za shi?

Kwana goma sha ɗaya. Ina kasuwa ana sauke kwanduna aka bugo mini cewa Yaya Dauda ya rasu.

Bayan an share makoki na tsuguna gaban matarsa, Yaya Hinde, na tambaye ta ko ya faɗi abin da yake tsayar da ni a kai. Na zaci wani gargaɗi ne game da motar. Ta ce tun kafin aikina likita ya hana shi shiga ƙarƙashin mota saboda ƙirjinsa, shi kuma Yaya ya ce kada a gaya mini, tumatur ɗin Sabo ya nuna. Sannan ta ce, "Ba wani abu ba ne. Tunda yake, bai taɓa sallamar mota ba sai ya zauna a gaba an zaga da shi, ya ji sauyin giyar da kunnensa. Taka ce kaɗai bai ji ba. Cewa yake yi, in yaron nan ya huce zai ɗauke ni ko zuwa gadar kanal ne."

Zuwa gada, jama'a. Tafiyar minti biyar. Na yi kuka a gaban mata ban ji kunya ba, kuma har yanzu in na tuna sai in kasa zama wuri ɗaya. Ko na gode ban ce masa ba.

Allah ka jiƙan Yaya Dauda. Ka yafe masa, ka yalwata kabarinsa, ka saka masa da haƙurin da ya yi da ni. Ni kuma, ya Allah, ka sa ya yafe mini. Amin.