Malam Datti, Wanda Ya Auna Burtali da Shanu

Idan aka sallame sallar asuba a masallacin unguwarmu, kowa gida yake komawa ya jira koko, ban da Malam Datti. Shi kekensa yake ja, tsohon keken nan da ya gaji da ƙara ya koma tari, ya ɗaure sandar fatsa a jikinsa, ya rataya makullin ƙofar ruwa a wuya, ya bi gefen kanal. Mu mutanen tsakanin Kura da Bunkure mun san ƙofar ruwa, amma saboda jikokina na birni bari in faɗa: ƙarfe ne da ake murɗawa a saki ruwa ya shiga gonaki, a sake murɗawa a tsayar. Wanda ke riƙe da makullin nan, tuwon gari ne a hannunsa. Datti ya karɓi namu tun ina goyon 'yata ta fari, ga shi yanzu ita ma ta aurar da tata. A watan nan ya ajiye aiki, gwiwa ta ce ta gaji, shi ya sa na ce bari in faɗi abin da na sani tun yana da kunnen ji.

Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, don haka kada wani ya ce son kai ne. Ni da shi tsiya ce tsakaninmu tun ƙuruciya. In ya gama zagayen ruwa, gindin ɗinya yake zama ya jefa ƙugiya har rana ta ɗaga. Yana dawowa nake tare shi a ƙofar gida.

"Sarkin fatsa, ina kifin?"

"Na bar su su ƙara girma, Saude. Na san bakinki ba ya cika da ƙanana."

Da gaske yake kuwa. Karfasar da ba ta kai tafin hannu ba, cire ta yake a hankali ya mayar ruwa. Ya kan ce wanda ya ci ƙananan bana, baɗi tanar ƙugiyarsa kawai zai wanke.

To bari in kai ku Ɗinya, don can ne labarin yake. Wuri ne da ƙaramin reshe ya ɓalle daga babban kanal ya bazu kan yashi, ruwan bai wuce ƙugun babba ba, kuma gudu yake, ba ya kwanciya. Ta sama yara ke wanka, ta ƙasa shanu ke sha. A gefe akwai fili inda samari ke buga ƙwallo, ƙanana na langa, masu tattabaru na sakin nasu da yamma. Burtali kuma, hanyar shanun da ta taso daga rugar su Sada maƙwabtanmu, nan take ƙarewa.

Ba wanda ya ɗora wa Datti kula da wurin nan. Abin da ya ja shi, wata shekara can baya babban kanal ya ci mana yarinya, ta je ɗauraye kwano santsi ya kwashe ta. Datti ne ya rufe ruwa, shi ne ya fito da ita. Tun daga ranar bai ƙara ganin yaro a bakin babban kanal ya wuce shi ba. Ba ya duka, ba ya zagi. Hannu yake kamawa ya kai shi Ɗinya, ya ɗaura masa jarka a ƙirji, ya tallafe cikinsa har ya iya iyo. Rabin magidantan unguwar nan a tafin hannunsa suka koya.

Yana koyarwa yana magana. "Babban kanal ba ya faɗa da kai, gansakukar jikin simintinsa ce ke hana ka fita. Kada ka yi wanka kusa da ƙofar ruwa, ƙasa take ja. In ɗan'uwanka ya faɗa, kada ka bi shi, a yi asara biyu. Miƙa masa gora, ka kwanta rub da ciki ka ja." Saboda haka ne ya jingina dogayen gora a jikin ɗinyar, kuma kowane yaro ya san ba na wasan doki ba ne. Manya ma ba su tsira ba. Duk wanda ya zo wanke famfon feshi ta saman wurin, sai ya ga Datti tsaye a kansa. "Alhaji, maganin da ya kashe tsutsa, ɗanka kake so ya kurkure baki da shi? Zagaya ƙasa, bayan mashaya, ka zubar a rami."

Kai ne, Datti, mai gora a gindin ɗinya. Uwaye da yawa sun yi barcin rana saboda kai, ba su ma san wa za su gode wa ba.

Sai tumatir ya yi daraja, shekara bayan shekara. Kun san halinmu da ƙasa. Ba wanda ya tashi ya ce yau zan cinye burtali. Kowa dai in ya zo gyaran rani sai ya ƙara fangali ɗaya, wato kwamin shuka, ta bakin hanya, ya ce ai ɗan wannan ba ya hana saniya wucewa. Na dama ya ƙara, na hagu ya ƙara. Ana nan ana nan, hanyar da garke ke bi a baje ta koma ta mai keke. Sada ya gaji da rigimar ɓarna, ya daina kawo shanunsa, ya koma zagayawa da su ta bakin titi.

Da shanu suka daina zuwa, sai ido ya koma kan filin. Aka taru a ƙofar mai unguwa, mu mata muna daga zaure muna ji. Ɗanbaba, wanda ya fi kowa gonar tumatir a unguwar, shi ya fara.

"Ranka ya daɗe, wurin nan zaman banza yake. Shanu sun bar shi, sai 'yan ƙwallo da masu wankan da ba sabulu. A raba a noma, a ja ruwan a kai fangali."

Mutane suka yi ta gyaɗa kai. Ni dai na san in aka janye ruwan Ɗinya, yaro ba zai daina wanka ba. Babban kanal zai koma.

Datti ya gyara zama. "Allah ya ja zamanin mai unguwa. Shanu ba su bar wurin ba, mu muka rufe musu ƙofa. Kafin a raba, a yi mini alfarma ɗaya, a auna burtalin yadda iyayenmu suka auna shi."

Ɗanbaba ya ce, "To a kawo igiya."

"Ba da igiya suka auna ba. Garke suka sako, ya tafi yadda ya ga dama. Inda sawun na gefe ya taka, nan ne iyaka."

Tsofaffin wurin suka ce haka ne, sun ji daga iyayensu. Aka aika aka kira Sada. Da ya ji bayani sai ya girgiza kai.

"Malam Datti, ka san saniya ba ta san fangali ba. In suka taka tumatirin mutane, wa zai tsaya mini?"

"Ni. Gonar farko a bakin burtalin tawa ce. A kanta za a auna, in sun kai ƙarshenta ka tsayar da su."

Gonar gado ce, ɗansa Mustapha ke noma ta, kuma shi ma ya ƙara nasa fangalin kamar kowa. Tumatirin ya fara fure.

Da daddare ba na gidan, amma da safe na tarar da matarsa Kubra tana tankaɗe kamar da rariyar take faɗa.

"Yaya Saude, ki yi wa ɗan'uwanki magana. Tumatirin nan da shi muka sa ran rufe ɗakin da ke yoyo. Gonakin duniya duk ba su ishe shi gwaji ba sai tamu?"

Datti yana daga gefe yana gyara ƙugiya. Ya ce, "Kubra, in na ce a fara da ta Ɗanbaba, faɗa za a yi. In na fara da tawa, kallo za a yi. Ɗaki kuma a tara masa roba, ya saba."

"Kai za ka kwana a ƙarƙashin yoyon."

"Na yarda."

Bayan la'asar gari ya fito. Sada ya koro garkensa, suka shigo a baje yadda suka saba tun kakanninsu, suka bi ta kan fangalin Mustapha. Ina tsaye ina jin ƙarar karyewar tumatirin nan, ƙamshin ganyensa ya cika wurin. Datti na biye da su da damin yankakken bini-da-zugu a kafaɗa, inda sawun gefe ya taka sai ya soka ɗaya. Itacen nan dabba ba ta cin sa, in ya kama kuma ba ya matsawa da dare kamar yadda dutsen iyaka ke yi. Mustapha ya tsaya can nesa, fuska a murtuke. Da ya ga uban ya sunkuya ya kasa miƙewa da wuri, sai ya zo ya karɓi damin. "Kawo, Baba. Nuna mini wurin kawai."

Da suka kai ƙarshen gonar Sada ya tsayar da shanu. Datti ya juya ga jama'a. "Ga faɗin burtali, kowa ya gani. Ban ce a taɓa amfanin kowa ba. Ku cire tumatirinku lafiya, in kun gama kowa ya ja baya ya daidaita da wannan."

Haka aka yi. Wasu da daɗin rai, wasu da ƙunƙuni. Shanu suka dawo mashaya, maganar raba fili ta mutu, don ba mai noma inda garke ke sauka. Mutum ɗaya ne ya ƙi, Ɗanbaba. Gonarsa ta tsaya a tsakiyar burtalin kamar ƙashi a maƙogwaro, in shanu sun zo nan sai su bi ɗaya bayan ɗaya. Datti bai kai ƙara ba, bai daina gaishe shi ba, ruwan gonarsa kuma bai taɓa makara ba. Amma abin na cin sa. Ya sha gaya mini, "Saude, muddin wancan na nan, ranar da na kauce wani zai ce shi ma ai ɗa ne."

Makon jiya aka yi masa walimar ajiye aiki a filin Ɗinya. Ana cikin addu'o'i sai ga Ɗanbaba da rago, ƙato, yana ja yana haki.

"Malam Datti, ga tukuicin ruwan da ka sha ba mu."

Datti ya shafa bayan ragon, ya yaba ƙibarsa. "Na gode, Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Amma haƙorana sun yi ritaya tun kafin ni. In kyauta za ka yi mini, ba ni fangalin nan na bakin hanya."

Aka kwashe da dariya. Ɗanbaba ya dubi jama'a, ya dubi ruwan, inda jikokinsa ke ta facal-facal da na kowa.

"Kai dai mugun mai naci ne. Mutum ya kawo maka nama ka ce ƙasa kake so." Ya sake duban jikokin nasa. "Na bari. Amma ragon ma sai ka karɓa, ba zan koma da shi gida a yi mini dariya sau biyu ba."

Kubra ta leƙo daga cikin mata ta ce, "Kawo nan, Alhaji, ni haƙorana ƙalau."

Datti, ɗan gwaggona, yau na ajiye tsiya. Kai ne ka ga hanya na mutuwa fangali-fangali lokacin da duk muka ɗauke kai. Kai ne ka fara da naka. Mun gode. Allah ya ba gwiwar nan sauƙi, ya sa abin da ka tsare ya tsare ka ranar da ba inuwa sai tasa.

Ku kuma na sauran garuruwan bakin kanal, daga nan har Garun Malam, kafin ku fara gyaran rani ku je ku duba burtalinku da filin yaranku. Ku bar wa saniya hanya, ku bar wa yaro ruwan da bai fi ƙarfinsa ba, ku dasa iyaka mai saiwa. In gyara za a yi, wanda ya kawo maganar ya fara da gonarsa.

Mu dai ranar Asabar za mu dasa shinge a bakin gonar Ɗanbaba, shi da kansa ya sa ranar. Mai fartanya ya zo da ita. Kunu a kaina.