Na Je Tono Gidan Wankan Rumawa, Na Yi Musu Shara

Makka zuwa Madina

Ƙarfe biyar da kwata, muna idar da Asuba, muka bar unguwarmu Mansur da ke Makka a motar Sale, mijin 'yata Hajara. Shi direba ne a wurin wasu Turawa masu tonon kayan tarihi a wajen Al-Ula. Shi ya tsaya mini su ɗauke ni aiki, ya ce musu surukinsa ya shekara talatin yana haƙa ramin gini a Makka. Da ƙyar ya sami aikin nan, ga shi ya ɗora sunansa a kaina.

A shingen taftish, inda ake binciken takardu, askari ya duba iƙamata, wato katin zama, ya duba furfurata.

"Ya Hajji, ina zuwa?"

"Gidan wanka," in ji ni.

"Babu ruwa a Makka?"

Kilomita ɗari huɗu da wani abu, muka shiga Madina kafin Azahar. Muka yi ziyara, muka ci ful da tamis, muka kwana a ɗakin wani Basakkwace da ke minshari kamar janareta.

Al-Ula

Washegari awa huɗu muka ƙara. Ƙarfe goma aka kai ni gaban shugabar, wata Baturiya da ake ce wa Daktora. Na fito da digata. Ta karɓe, ta miƙo mini buroshi irin na goge haƙori.

"Baba, da shi ake yi," in ji Sale, kansa a ƙasa.

Gidan wankan kuwa, ramin da bai kai ɗakin girkinmu ba. Wai a nan sojojin Rumawa ke hura wuta a ƙarƙashin daɓe su zauna su yi gumi. A Al-Ula! Mutum ya taso daga ƙasarsa ya zo inda rana ke dafa ƙwai, ya ce zafi bai ishe shi ba. Masu digiri shida suka wuni a durƙushe, suka fito da guntun tulu ɗaya, har da tafi.

Rana ta uku

Suna cin abincin rana na leƙa ramin. Tubala ƙanana a warwatse, ko'ina an soka kusa da zare. Ni a sana'ata, wanda ya bar wurin aiki haka ba a sake kiransa. Na tsince tubalan tas, na jera su a gefe goma-goma, na cire zaren kar wani ya yi tuntuɓe, na share. Minti ashirin. Na zauna ina jiran yabo.

Daktora ta zo ta dafe kai. Ashe inda kowane tubali ya faɗi, shi suka yi mako uku suna jiran su zana. Tubalin kansa bai dame su ba.

"Wa ya yi wannan?" ta tambaya da Larabcinta na littafi.

Sale ya dube ni, ya dubi ƙasa. Ina za shi nuna surukinsa da yatsa a gaban mutane?

"Ni ne," in ji shi.

Na ga ta miƙa hannu ta karɓe makullin mota a wurinsa. Na tuna Hajara da 'ya'ya huɗu.

"Ƙarya yake, ya Daktora! Wannan ko shimfiɗarsa ba ya gyarawa, tambayi 'yata. Dubi jerin nan. Hannun direba ne wannan?"

Ta dubi jerin. Ko zare aka ja bai fi haka miƙewa ba.

"Halas, ya Hajji," in ji ta. Ta mayar wa Sale makullin, ta ce ya kai ni tasha.

Komawa

Bas ta La'asar na shiga, na sake kwana wurin Basakkwace, na iso Mansur ƙarfe biyu na rana. Hajara na bakin ƙofa.

"Baba, lafiya? Ina shi?"

"Yana can, aikinsa na nan. Ni aka sallama, wai na cika tsabta."

Na gode wa Allah da Ya dawo da ni lafiya. Na gode wa Sale, wanda ya yarda a kore shi don kar in ji kunya. Rumawa kuma su yafe mini, shekara kusan dubu biyu ba wanda ya share musu banɗaki sai ni.